Gandirobobin Ingila da ƙa'idar albashin fam 41,700

A ranar 22 ga Yulin 2025 wata sabuwar ƙa'ida ta fara aiki a Birtaniya, wadda ta tanadi cewa baƙon da ke neman bizar ƙwararren ma'aikaci sai albashinsa na shekara ya kai fam 41,700 kafin a cire haraji. Cikin waɗanda ƙa'idar ta rutsa da su har da ma'aikatan ita kanta gwamnatin da ta kafa ta, wato gandirobobin gidajen yarin Ingila da Wales, waɗanda ɗaruruwa daga cikinsu 'yan Najeriya ne da 'yan Gana. Gwamnati ce ta ɗauke su aiki, ita ta yanka musu albashi, ita ce kuma ta dawo ta ce albashin bai kai na wanda za a bari ya ci gaba da zama a ƙasar ba. Sai da aka shafe wata biyar ana kai ruwa rana kafin a yi musu sassauci na ɗan lokaci. Wannan lamari ya cancanci a bi shi daki-daki, domin ya fito da abin da ke faruwa idan ƙasa ta ɗauki adadin albashi a matsayin ma'aunin ƙwarewar mutum da kuma ma'aunin buƙatar da take da ita gare shi.

Tsarin bizar da ake magana a kai ya samo asali ne daga ficewar Birtaniya daga Tarayyar Turai. An buɗe shi a Disambar 2020, kuma daga farkon Janairun 2021 Bafaranshe da Bahaushe suka koma bin layi ɗaya idan suna son yin aiki a ƙasar. Sharuɗɗansa su ne mutum ya samu aiki a wajen ma'aikatar da ke da lasisin ɗaukar nauyin baƙi, a ba shi takardar ɗaukar nauyi wadda ake gajarta sunanta da CoS, aikin ya kasance cikin jerin sana'o'in da aka amince da su, ya iya Turanci, sannan albashin ya kai abin da aka ƙayyade. Wannan sharaɗi na ƙarshe shi ne mutane suka fi yi wa gurguwar fahimta, domin ba adadi ɗaya ba ne. Akwai adadin bai-ɗaya da ya hau kan kowa, akwai kuma adadin da aka ware wa kowace sana'a bisa abin da ake biyan masu yin ta a ƙasar, kuma wanda ya fi yawa a cikin biyun shi ne ake bi. Injiniyan da aka yi wa tayin albashin da ya haura adadin bai-ɗaya yana iya faɗuwa idan bai kai na sana'arsa ba. Haka nan kuma tsabar albashin da aka rubuta a kwantiragi ake ƙirgawa, ban da kuɗin ƙarin lokaci da garaɓasar ƙarshen shekara, kuma ba a lissafa abin da ya wuce sa'o'i 48 a mako, don kada mai ɗaukar aiki ya cike giɓin ta hanyar tsawaita wa ma'aikaci lokaci.

Da aka fara, adadin bai-ɗaya fam 25,600 ne. Kwamitin masana da ke bai wa gwamnati shawara kan shige da fice, wanda ake kira MAC, shi ya ba da shawarar wannan adadi a Janairun 2020, ƙasa da fam 30,000 na tsohon tsari, kuma ya ba da shawarar a bar shi ɗaya a faɗin ƙasa ba tare da bambanta Landan da sauran yankuna ba. A Afrilun 2023 aka ɗan ɗaga shi zuwa fam 26,200. Babban tsallen ya zo ne bayan hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta fitar da alƙaluma a Nuwambar 2023 da suka nuna cewa waɗanda suka shigo ƙasar a 2022 sun ɗara waɗanda suka fita da mutum 745,000. Ranar 4 ga Disamba ministan cikin gida na lokacin, James Cleverly, ya shaida wa majalisa cewa za a kai adadin fam 38,700, ƙarin da ya kusa kashi 48 cikin ɗari a tashi ɗaya, kuma ya fara aiki ranar 4 ga Afrilun 2024. A lokaci guda aka sauya yadda ake auna adadin kowace sana'a. A da, idan aka jera masu sana'a ɗari daga mai ƙaramin albashi zuwa mai babba, albashin mutum na ashirin da biyar ake ɗauka. Daga wannan rana sai aka koma ɗaukar na mutum na hamsin. Ma'anar wannan ita ce ana buƙatar baƙon da ya zo yau ya samu abin da rabin waɗanda suka daɗe a sana'ar ba su kai ga samu ba. An bar wasu ƙofofin rangwame, mafi muhimmanci ita ce ta sababbin shiga aiki, kamar 'yan ƙasa da shekara 26 da waɗanda suka kammala karatu a jami'o'in ƙasar, waɗanda aka sa musu fam 30,960, amma na tsawon shekara huɗu kacal.

Gwamnatin jam'iyyar Leba da ta hau mulki a Yulin 2024 ba ta warware ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. A ranar 12 ga Mayun 2025 Firaminista Keir Starmer da ministar cikin gida Yvette Cooper suka gabatar da kundin manufofinsu kan baƙi, kuma daga cikinsa ne ƙa'idar 22 ga Yuli ta fito. Adadin bai-ɗaya ya koma fam 41,700, na sababbin shiga ya koma fam 33,400. Wani sauyin da bai ja hankali kamar na kuɗin ba, alhali ya fi shi cizo, shi ne na matakin ƙwarewa: sana'ar da za a ɗauki baƙo dominta sai ta zama ta matakin digiri, ban da wasu 'yan sana'o'i da aka sa a jerin waɗanda ake ƙarancin masu yin su. Aikin gandiroba ba na matakin digiri ba ne a wannan rabe-rabe.

Yadda aka yi 'yan Afirka ta Yamma suka yi yawa a gidajen yarin Ingila yana da nasa tarihin. Bayan 2010, lokacin tsuke bakin aljihun gwamnati, an rage gandirobobi da kusan kashi ɗaya cikin huɗu a cikin 'yan shekaru, kuma da yawa daga cikin waɗanda suka tafi tsofaffin hannu ne. Daga baya aka shiga ɗaukar sababbi, sai dai aikin ba ya riƙe mutane, saboda tashin hankali a cikin kurkuku, da aikin dare da na ƙarshen mako, da albashin da ɗan ƙasa zai iya samun kusan irinsa a wajen da ba za a kai masa hari ba. Fursunoni kuwa ƙaruwa suke yi. A farkon Satumbar 2024 yawansu ya haura 88,000, gidajen yari suka cika maƙil, har gwamnati ta rage wa'adin da wasu fursunoni za su yi a tsare daga rabin hukuncinsu zuwa kashi 40 cikin ɗari, aka saki kimanin mutum 1,700 a rana ɗaya. A cikin wannan hali ne hukumar gidajen yari ta fara ɗaukar nauyin bizar baƙi a ƙarshen 2023. Labari ya bazu a tsakanin 'yan Najeriya, na gida da waɗanda suka riga suka shiga ƙasar, kuma alƙaluman da aka fitar sun nuna cewa a 2024 an ɗauki 'yan Najeriya sama da 700, wato wajen kashi 12 cikin ɗari na duk waɗanda aka ɗauka a shekarar, ban da 'yan Gana kimanin 140. Bayan 'yan Birtaniya babu wata ƙasa da ta kai Najeriya yawan masu neman wannan aiki.

Ba duka ne suka taso daga Legas ko Abuja da takardar ɗaukar nauyi a hannu ba. Da yawa sun shigo ne a matsayin ɗalibai ko iyalan ɗalibai a shekarun 2021 zuwa 2023, lokacin da 'yan Najeriya suka fi kowace ƙasa shigo da mata ko miji da 'ya'ya a kan bizar karatu, kafin a hana yawancin ɗalibai yin haka daga Janairun 2024. Wanda ya gama digiri na biyu yana samun bizar bayan karatu ta shekara biyu, wadda ke ba shi damar yin kowane irin aiki ba tare da sharaɗin albashi ba, sai dai ba a sabunta ta. Kafin ta ƙare dole ya samu mai ɗaukar nauyinsa, ko ya tattara ya koma gida. Ga irin wannan mutum, aikin gwamnati mai fansho a ma'aikatar da ke da lasisin ɗaukar nauyi ya yi kama da tudun mun tsira.

A ɗauka misalin wani matashi da ya shiga Ingila a Satumbar 2022 don digiri na biyu, ya samu bizar bayan karatu a farkon 2024, aka ɗauke shi gandiroba a wani gidan yari da ke arewacin ƙasar a tsakiyar shekarar. Albashin farawa na mai yin sa'o'i 37 a mako a wajen Landan yana tsakanin fam 33,000 da 34,000 a 2025. A ranar da ya karɓi aikin lissafinsa daidai yake, domin ƙofar sababbin shiga tana buɗe, kuma albashinsa ya haura fam 30,960. Bai yi gaggawar sauya biza ba tunda tasa tana da sauran lokaci, sauyin kuma kuɗi ne mai yawa. Ranar 22 ga Yulin 2025 sai ya wayi gari sana'arsa ta fita daga jerin waɗanda za a ɗauki nauyin sabon mai nema dominsu, bizarsa kuma za ta ƙare a farkon 2026. Abokin aikinsa da ya riga ya sauya zuwa bizar ƙwararru kafin wannan rana yana da damar sabuntawa a sana'ar, amma da zarar shekarunsa huɗu na rangwame sun cika, tare da ƙirga shekarun bizar bayan karatu a ciki, cikakken adadin zai hau kansa, kuma tazarar da ke tsakanin albashinsa da fam 41,700 ta kusa fam 8,000. Wanda kuma ya samu tasa bizar tun kafin 4 ga Afrilun 2024 an bar shi a kan adadin riƙon ƙwarya na fam 31,300. Mutum uku ke nan, kakinsu ɗaya, albashinsu ɗaya, a sashe ɗaya suke kulle ƙofofi, amma makomar kowa ta rataya a kan ranar da aka buga masa takarda.

Inda lamarin gandirobobi ya bambanta da na ma'aikacin banki ko na kamfanin kwamfuta shi ne babu wanda zai roƙa ya ƙara masa albashi. Kamfani mai zaman kansa da ke son riƙe injiniyansa yana iya ɗaga masa albashi ya tsallake adadin, ko ya ga bai cancanci hakan ba ya sallame shi, kuma wannan zaɓin shi ne ainihin abin da ƙa'idar take son ta tilasta. Albashin gandiroba kuwa tsararre ne, wani kwamiti ne ke nazarinsa duk shekara ya miƙa wa gwamnati shawara, shugaban gidan yari ba shi da ikon ƙara wa mutum ɗaya ko kwabo. Ba zai yiwu kuma a biya baƙo fiye da ɗan ƙasar da ke tsaye kusa da shi a mataki ɗaya ba. Idan za a ɗaga, sai a ɗaga wa dubban ma'aikata gaba ɗaya, abin da baitulmali ba ta shirya ba. Ga shi kuma wata doka ta 1994 ta hana gandirobobin Ingila da Wales yajin aiki, don haka ko hanyar da sauran ma'aikata ke bi su matsa wa gwamnati lamba a rufe take. Kuɗin ƙarin lokaci, wanda da shi yawancinsu ke cike buƙatun gida, ba ya shiga lissafin biza.

Ya kamata a yi wa masu goyon bayan ƙa'idar adalci, domin hujjarsu ba ta banza ba ce. Sun ce idan aka bar ma'aikatu suna cike guraben da 'yan ƙasa suka guje wa da baƙi masu karɓar duk abin da aka ba su, albashi ba zai taɓa tashi ba, yanayin aiki ba zai gyaru ba, kuma ba za a horar da matasan gida ba. Sun kuma yi nuni da ɓangaren kula da tsofaffi da marasa lafiya, inda aka buɗe ƙofa a 2022 da ƙaramin albashi, aka samu 'yan damfara suna sayar da takardun ɗaukar nauyi a kan miliyoyin naira, mutane suka isa Ingila suka tarar babu aikin. Wannan ya faru, kuma 'yan Najeriya na cikin waɗanda suka fi ɗanɗana kuɗarsa, har aka rufe ɗaukar irin waɗannan ma'aikata daga waje a ranar 22 ga Yulin 2025. Ita kanta ƙungiyar gandirobobi ta POA ta taɓa sukar yadda ake ɗaukar ma'aikata ta intanet ba tare da ganawa ido da ido ba. Amma hujjar tana tsayawa da ƙafarta ne kawai idan mai ɗaukar aikin zai amsa matsin da ƙarin albashi. A nan mai ɗaukar aikin gwamnati ce, ba ta kuma ƙara abin da zai cike tazarar ba, sai nauyin ya sauka a kan ma'aikacin da bai da hannu a yanke albashin ko sa adadin bizar.

Abin da ya ƙara fito da rashin daidaiton shi ne gwamnati ta riga ta san wannan matsala, ta kuma magance ta a wasu wurare. Likitoci da ma'aikatan jinya da malaman makaranta ba a auna su da fam 41,700, ana auna su ne da tsarin albashin ƙasa na sana'arsu, muddin bai gaza fam 25,000 ba, saboda an yarda cewa albashin da gwamnati ta yanka ba ya nuna darajar aikin a kasuwa. Gandiroba ma albashinsa na gwamnati ne, amma ba a sa shi a wannan rukuni ba. A ganina wannan shi ne babban kuskuren, kuma da an gyara shi tun farko da ba a kai ga tufka da warwara ba. Adadin fam 41,700 kuma ɗaya ne a ko'ina, alhali gandiroban Landan yana samun ƙarin kuɗin tsadar birni da ke kusantar da shi ga adadin, na ƙauyen da gidan yarinsa ya fi wahalar samun ma'aikata kuwa ba ya samu. Wurin da buƙata ta fi tsanani shi ne wurin da ƙa'idar ta fi hana a riƙe mutum.

Akwai kuma kuɗin da ma'aikacin ya riga ya zuba, wanda ba kasafai ake ambatonsa ba. Fam 41,700 idan aka juya shi zuwa naira adadi ne mai ruɗar ido, amma fam 3,475 ne a wata kafin haraji da kuɗin inshorar ƙasa da na haya, kuma gandiroban bai ma kai nan ba. Daga Fabrairun 2024 kuɗin kiwon lafiya da ake karɓa daga baƙo ya tashi daga fam 624 zuwa fam 1,035 a shekara ga babba, fam 776 ga yaro, kuma gaba ɗaya ake biya tun ranar neman biza. Magidanci mai mata da 'ya'ya biyu da ke neman bizar shekara uku zai ajiye fam 10,866 a kan wannan kaɗai, ban da kuɗin bizar kowannensu. Da yawa sun sayar da fili ko sun ci bashin dangi tun a matakin kuɗin makaranta. Idan aiki ya ƙare, wa'adin da aka saba bai wa mai bizar ƙwararru ya samu wani mai ɗaukar nauyi ko ya bar ƙasar kwana 60 ne, kuma izinin matarsa da 'ya'yansa a jikin nasa yake.

Daga ƙarshen damina zuwa hunturun 2025 ƙorafi ya yi ta fitowa daga cikin tsarin kansa. Ƙungiyar POA ta yi gargaɗin cewa gidajen yari na iya rasa ma'aikata sama da 2,500. Babban sufeton gidajen yari, Charlie Taylor, ya bayyana cewa akwai kurkukun da suka dogara sosai da ma'aikata 'yan Afirka ta Yamma, kuma rasa su zai yi mummunar illa. Ƙungiyar shugabannin gidajen yari ma ta bi sahu. A Satumba an yi wa majalisar ministoci garambawul, Shabana Mahmood, wadda ta riƙe ma'aikatar shari'a da gidajen yari tun Yulin 2024, ta koma ministar cikin gida, David Lammy ya gaje ta a shari'a. Saboda haka wadda ta fi kowa sanin ƙarancin gandirobobi ita ce ta zama mai tsaron ƙa'idar da ke barazanar rage su, yayin da aikin da aka ɗora mata shi ne rage yawan baƙi.

A tsakiyar Disambar 2025 aka sanar da sassauci. Ya shafi gandirobobin da suke cikin ƙasar kaɗai, ba a buɗe ƙofa ga masu nema daga waje ba. An tsame su daga sabuwar ƙa'idar har ƙarshen 2026, sannan adadin fam 33,400 zai ci gaba da aiki a kansu har ranar 31 ga Disambar 2027. Dalilin da gwamnati ta bayar shi ne tsaron jama'a da buƙatar gidajen yari su ci gaba da aiki da isassun ma'aikata, tare da cewa za a yi amfani da lokacin wajen ɗaukar 'yan ƙasa. Adadin da aka zaɓa, wanda shi ne na sababbin shiga aiki, ya faɗo daidai ƙasa da albashin farawa na gandiroba, wato ƙa'idar ta zo daidai da abin da ake biya, kamar yadda aka daɗe ana yi wa ma'aikatan jinya, sai dai su nasu babu wa'adi.

Wa'adin shi ne abin da ya rage a zuciyar waɗanda abin ya shafa. A tsarin da suka shigo a kansa, mai bizar ƙwararru yana neman izinin zama na dindindin bayan shekara biyar, kuma shekarun karatu da na bizar bayan karatu ba sa cikin lissafin. Matashin da aka yi misali da shi, idan ya sauya biza a farkon 2026, ba zai cika shekara biyar ba sai 2031, fiye da shekara uku bayan sassaucin ya ƙare. A Nuwambar 2025 kuma ministar cikin gida ta gabatar da shawarar mayar da shekara biyar ɗin goma, da yiwuwar kai ta goma sha biyar ga masu sana'o'in da ba su kai matakin digiri ba, rukunin da gandiroba yake ciki, tare da nufin sauyin ya shafi har waɗanda suka riga suka shigo ba su kai ga samun izinin dindindin ba.